Ƙidaya a Gindin Gongola

Ƙasa da dam na Dadin Kowa,
inda Gongola ke sassauta gudu,
nan aka kafa injin yashi bara waccan.
Wata biyar yana tsotsa ba dare ba rana,
tifa ta shigo fayau, ta fita da nishi.
Da suka naɗe bututunsu sai suka bar mana
rami mai zurfin gaba uku,
gindinsa sumul kamar tasar da aka suɗe.

Ni Barde, mai kwalekwale,
shekara talatin ina ratsa ruwan nan
ban san akwai gari a ƙarƙashina ba,
sai da Dudu ta zo daga Kashere,
ɗaliba, da bokiti da rariya da ɗan littafi.
Ta ce in nutsa in ɗebo mata laka.
Na ce, laka? Ta ce, ita fa.

Watan farko ta tace, ta sake tacewa,
har yatsunta suka yi yaushi.
Babu kowa.
Ta rubuta sifili, ta ja masa layi a ƙasa,
muka ci rogo da ƙuli ba mai cewa uffan.

A wata na uku ga jar tsutsa,
siririya kamar zaren da ya warware daga bakin zane.
Dudu ta yi tsalle sai ka ce kujerar Makka aka ba ta.
Ta ce wannan ita ke fara tarewa a kango,
ba ta jiran a yi shara, ba ta tambayar maƙwabta.

Daga nan sai dodon koɗi da ɗakinsa a baya,
sai ɗiyan mazari masu fuskar 'yan fashi,
sai matsattsaku, wanda ya gaishe ni a ƙwauri
kafin ya yarda a ƙirga shi.
Kaguwa ta zo a karkace kamar mai bin bashi,
jatan lande ya zo, jiki garau,
kana hango abin da ya karya da shi da safe.
Iri goma sha ɗaya. Na iya su da ka.

Sai Agusta. Aka buɗe ƙofofin dam,
ruwa ya sauko ja wur, da itace, da gawar akuya,
ya kwashe garin da muka sha wuyar ƙirgawa.
Goma sha ɗaya ta koma huɗu.
Na ce, aikin banza, an yi wa kare wanka.
Dudu ta ce in bari kaka ta yi.

Kaka ta yi, muka sami sha uku.
Amma ba mutanen da ba ne duka:
wasu baƙi ne da ambaliya ta goyo daga sama,
wasu na gida sun tafi ke nan.
Garin ya tashi, unguwannin sun sāke.

Wadda nake nema ita ce kumba.
Da ɓawonta innata ke kankare ƙanzo,
ƙarar tana kunnena har gobe.
Dudu ta ce kumba ba ta gaggawa,
'ya'yanta sai sun maƙale a jikin kifi
ya kai su inda za su zauna,
in kifi bai dawo ba, ita ma shiru.

Dudu ta gama karatu, ta tafi,
ta bar mini rariyar, bakinta ya ɗan fashe.
Jiya bayan la'asar na nutsa don kaina.
Cikin laka ga wata aba, baƙa, a rufe gam,
ba ta kai farcen jariri ba.
Na daɗe ina kallonta a tafin hannu,
sannan na mayar da ita a hankali,
na dafa laka a kanta.

Ina tuƙi zuwa gida na hangi mutum biyu a gaɓa,
ɗaya da igiyar awo,
ɗaya yana waya, yana nuna ruwa da baki.